Fashin Baƙi: Yadda Ake Tsara Motocin 'Yan Biki Idan Ɗaurin Aure Ya Kama a Wani Gari

Duk lokacin da aka ji labarin wani iftila'i ya auka wa 'yan biki a hanya, tambayar da ke yawo a bakin mutane ɗaya ce: laifin direba ne, na hanya ne, ko ƙaddara ce kawai? A watan Yunin 2023 jirgin ruwa ya kife a Kogin Neja, a yankin Patigi da ke Jihar Kwara, ɗauke da mutanen da ke dawowa daga biki a wani ƙauye na Jihar Neja. Cikin dare abin ya faru, sama da mutum 100 suka rasu. A watan Yunin 2025 kuma, 'yan ɗaurin aure da suka taso daga Zariya za su wani gari a Jihar Filato suka ɓata hanya, duhu ya riske su, aka far musu a Ƙaramar Hukumar Mangu, aka kashe sama da mutum goma. Alhakin jinin waɗannan bayin Allah yana wuyan waɗanda suka kashe su, kuma babu wani lissafin tafiya da zai rage musu nauyin laifin. Allah Ya ji ƙansu.

A ƙarƙashin manyan labarai irin waɗannan akwai ƙanana da ba sa kaiwa jarida, amma kusan kowane dangi ya san irinsu: motar da ta iso bayan an shafa fatiha, tsohuwar da aka manta a masauki, direban da ya kashe mota ya ce ba zai tashi ba sai an yi masa ƙari. Ajali ba ya wuce lokacinsa, wannan babu musu. Sai dai yawancin abin da ke ɓata tafiyar biki tun a gida ake yanke shi, kafin a murza makulli, kuma a abu biyu yake taruwa: mutum nawa ne za su tafi, da ƙarfe nawa za a juyo.

Tafiyar biki ba ɗaya ba ce

Kuskuren farko shi ne a ce "motar biki" kamar abu guda. Idan amarya tana wani gari ango yana wani, aƙalla tafiya uku ake yi, kowace da halinta.

Akwai 'yan jere, waɗanda kan riga kowa tafiya da kwana biyu ko uku, da gado da kujeru da kayan kicin. Su babbar buƙatarsu motar kaya ce, Kanta ko makamanciyarta, da tamfol da igiya, sai ƙaramar mota ɗaya ta mata huɗu ko biyar. Bai kamata mutum ya hau bayan motar kaya a tafiyar gari zuwa gari ba, ko da yaron mota ya ce akwai wuri.

Akwai 'yan ɗaurin aure, galibinsu maza, masu son a je a dawo a yini ɗaya. Su lokaci ne ke matsa musu. Sai 'yan kai amarya: iyaye mata, gwaggonni, ƙawaye, da yara. Wannan ayari shi ya fi kowane wuyar sha'ani, domin ba ya tashi a kan lokaci. Ana nasiha, ana sallama da iyaye, ana kuka, ana neman wata jaka da ta ɓace, rana tana tafiya. Kuma shi ne ya fi ɗaukar masu rauni: tsofaffi, masu juna biyu, masu goyo.

Idan akwai kamu ko walima ko dina a garin da aka je, akwai tafiya ta huɗu, wato zirga-zirga tsakanin masauki da wurin taro. Ita ce aka fi mantawa da ita a ciniki, kuma ita ce ke jawo rigima da direbobi.

Shata, lodi, da motar gudummawa

Shata ita ce ka ɗauki mota sukutum, kai ke da ita na tsawon lokacin da aka yi yarjejeniya, ta cika ko ba ta cika ba. Lodi kuwa shi ne kowa ya je tasha ya biya kuɗin kujerarsa, mota ta tashi idan ta cika. Motar gudummawa ita ce wadda ɗan'uwa ko maigida ko wata ma'aikata ta bayar kyauta, wani lokaci da mai, wani lokaci a ce ku zuba.

Mutane suna ɗauka ta gudummawa ta fi sauƙi tunda ba a biya ba. Sau da yawa ita ce ta fi kawo cikas. Ba ka iya duba tayarta ka ce ba ta yi maka ba, kunya ba za ta bari ba. Ba ka iya tsawata wa direbanta, domin ba kai ka ɗauke shi ba. Mai ita kuma yana iya bugo waya da daddare ya ce wani uzuri ya taso. A karɓe ta da godiya, amma kada a ɗora waliyyi ko wakilin ango ko amarya a kanta sai an tabbatar da ita kamar yadda za a tabbatar da ta haya.

Shata kuma wuri uku ake samunta. Akwai tasha, ta hannun shugabannin ƙungiyar direbobi irin su NURTW, inda ake da wanda za a riƙe idan magana ta canza. Akwai hukumomin sufuri na jihohi, irin su Kano Line, Borno Express, Gombe Line, Yankari Express, da hukumar sufuri ta Jihar Katsina, waɗanda ke da ofis da rasit. Sai kamfanonin haya masu zaman kansu, masu Kosta da Siyena masu sanyi, waɗanda suka fi tsada. Abin da ba a so shi ne ɗan kamashon da ba shi da mota ba shi da ofis, wanda zai karɓi kafin alƙalami sannan ya shiga neman wanda zai yi aikin a kan rabin kuɗin.

Wa ya kamata ya ɗauki nauyi?

Tun da aka cire tallafin man fetur ranar 29 ga Mayun 2023, wannan tambaya ta zama abin muhawara a gidaje da yawa. Wasu na ganin wanda ya gayyata shi ke da hakkin kai mutane da dawo da su, domin zumunta a ƙafa take, kuma talakan dangi ba zai iya biyan kuɗin Kano zuwa Yola daga aljihunsa ba. Wasu na cewa a sanar da rana da wuri, mai hali ya kai kansa. Kashi na uku kuma suna cewa a rage ayarin baki ɗaya: aure yana ɗauruwa da waliyyi da ango ko wakilinsa da shaidu da sadaki, saboda haka a tura dattawa goma ko goma sha biyar, sauran jama'a a yi musu walima a gida idan amarya ta tare.

Kowanne yana da hujja, amma na tsakiyan ya fi haɗari fiye da yadda ake zato. Idan aka ce kowa ya kai kansa, abin da ke faruwa shi ne mutum bakwai su cusu a Golf ɗin wani matashi da bai taɓa bin hanyar ba. Wanda ba shi da halin ɗaukar motocin da za su ishi mutum sittin, gara ya fito fili ya gayyaci ashirin ya kai su cikin mutunci. Ɓacin ran wanda ba a tafi da shi ba yana wucewa a mako guda.

Lissafin kai, inda kunya ke yin ɓarna

A bikinmu ba a cika cewa "ba da kai ba". Shi ya sa jerin mutum sittin kan zama tamanin da asuba. Maganin wannan ba faɗa a bakin mota ba ne, rubutu ne tun da wuri. A naɗa mutum ɗaya, ba ango ba, ba uwar amarya ba, wanda ake jin nauyinsa kuma ba ya jin nauyin faɗin gaskiya, a ce shi ne mai kula da motoci. A ɓangaren mata ma a sami mace guda mai irin wannan hali. Su biyun su rubuta sunaye gida-gida, da lambar waya, da lambar wani na gida da ba zai yi tafiyar ba. A rufe rubutu saura mako guda.

Sannan a ƙara kashi 10 zuwa 15 cikin ɗari a kan abin da aka rubuta, saboda waɗanda ba makawa sai sun ɓullo. Duk yaron da ya wuce goyo kujera guda ne. Ɗora yaro ɗan shekara shida a cinya daga unguwa zuwa unguwa wani abu ne, daga Katsina zuwa Abuja wani abu ne dabam.

Adadin kujerun da ake faɗa a tasha ma sai an yi masa ragi. Homa, wato Toyota Hiace mai tudun rufi, ana ce mata mai cin mutum 18, amma wannan lodin haya ne, huɗu-huɗu a layi. Ga mata da adonsu da jakunkunansu, ko dattawa da manyan riguna, a lissafa 14. Kosta ana cewa 30, a lissafa 28, kuma a sani cewa wasu daga cikin kujerun na tsakiya ne masu naɗewa, ba su dace da tsoho a doguwar tafiya ba. Siyena da Sharon mutum shida ban da direba.

Ga misali. An rubuta mutum 60, an ƙara 8, sun zama 68. Homa biyar za su ɗauki 70. Kosta biyu da Homa ɗaya su ma 70 ne. Na biyun ya fi, domin direba uku sun fi biyar sauƙin sarrafawa, kuma ayari gajere ya fi wuyar tsinkewa. Homa tana da nata amfani idan ƙarshen tafiyar hanyar ƙauye ce mai rairayi ko lungu mai ƙunci, inda Kosta za ta kafe ko ta kasa juyawa. Don haka kafin a zaɓi mota a tambayi mutanen garin yadda kilomita goman ƙarshe suke, musamman da damina. Idan jama'a sun haura 50 kuma kwalta ce har ƙofar wurin taro, babbar bas irin Makapolo guda ɗaya tana iya fin komai arha, sai dai idan ta lalace kowa ya tsaya ke nan.

Kaya kuwa a ware musu wurinsu. Buhunan shinkafa, kulolin abinci, katan-katan na lemo da akwatuna ba sa tafiya a ƙafafun mutane ko a toshe ƙofa da su. Tukunyar gas da jarkar fetur kada su shiga motar da ke ɗauke da mutane ko kaɗan.

A fara lissafi daga dawowa

Nan ne zuciyar maganar. Kowa yana lissafa yadda za a isa kafin liman ya fara siga, kaɗan ne ke lissafa yadda za a shigo gida kafin magariba. Alhali dawowa ita ce ta fi haɗari: direba ya gaji, an ci an ƙoshi, barci yana fizgar kowa, ana sauri, rana kuma tana faɗuwa. A watan Disamba, lokacin da bukukuwa suka fi yawa, shida da 'yan mintuna rana ta faɗi a Kano, ga hazo yana rage gani.

Dokar hanya ta ƙayyade wa motocin haya da bas kilomita 90 a awa a kan tagwayen manyan hanyoyi, 80 a sauran manyan hanyoyi, 50 a cikin gari. Amma ba da wannan ake lissafin lokaci ba. Idan aka haɗa shingayen jami'an tsaro, da kasuwannin bakin hanya, da ramuka, da wuraren da ake aiki aka karkatar da motoci hannu ɗaya, ayari ba ya cin fiye da kilomita 60 a awa a matsakaici.

Ɗauki Kano zuwa Kaduna, kimanin kilomita 230. Awa huɗu ke nan da ɗan tsayawa. Idan ɗaurin aure ƙarfe 11 na safiyar Asabar ne, ana so a isa 10, saboda haka a tashi 6, a ce wa mutane su hallara biyar da rabi, da an idar da sallar asuba. An ɗaura aure, an gaisa, an ci abinci, an yi azahar, ƙarfe 2 a juyo, 6 a shigo gida. Wannan tafiya ce mai yiwuwa a yini guda.

Yanzu mayar da wannan ɗaurin auren bayan sallar Juma'a. Ba za a shafa fatiha ba sai wajen biyu da rabi, abinci da gaishe-gaishe su kai huɗu, kafin a tattara mutane huɗu da rabi ta yi. Rabin hanyar dawowa a cikin duhu za a yi shi. Mutane da yawa ba sa lura cewa zaɓen Juma'a ga aure mai nisa zaɓen tafiyar dare ne, sai dai idan an shirya kwana. Wannan magana ce da ya kamata iyayen ango su faɗa tun ranar sa rana, cikin ladabi: ko a mayar da shi safiyar Asabar, ko a tanadi masauki.

Idan nisa ya haura kilomita 300, a daina maganar zuwa da dawowa a yini ɗaya. Kano zuwa Abuja ya haura 400. Kano zuwa Sakkwato ko Maiduguri ya haura 500, wuni guda cur a hanya. Irin wannan kwana uku ne: ranar tafiya, ranar aure, ranar dawowa. Mai zuwa Maiduguri ta Damaturu kuma ya sani akan rufe shingen shiga gari da yamma, ya tambayi direbobin layin ƙarfe nawa ake rufewa a makon da zai yi tafiyar. Haka hanyoyin da aka san suna fama da 'yan bindiga, kamar ta Birnin Gwari da ta Funtuwa zuwa Gusau: labarin jiya da yau ake nema daga bakin direban da ya bi, ba labarin watan jiya ba. Kuma kada a wallafa lokacin tashi da hanyar da za a bi a Facebook. Katin gayyata ya faɗi wuri da lokacin ɗaurin aure, sauran bayani ya tsaya tsakanin matafiya.

Kai amarya kuwa, idan garin da nisa, a raba shi da yinin ɗaurin aure. A yi nasiha da sallama da daddare, a tashi da sassafe. Al'adar kai amarya bayan isha ta cikin gari ce, inda gidan miji bai wuce tafiyar minti ashirin ba.

Maganar salla ma a yanke ta tun a gida. A tambayi malamin da ke cikin tafiyar game da kasaru da haɗa salloli ga matafiyi, a san inda za a tsaya. Tsayawar Kosta biyu a gidan mai mai banɗaki ɗaya da buta uku tana cin minti arba'in.

Abin da ake faɗa a wurin ciniki

A fara nema saura mako uku zuwa huɗu, musamman a Disamba da watannin gab da azumi da bayan salla, lokacin da motoci masu kyau ke ƙarewa da wuri. Kafin a je, a yi lissafin mai don a san ko farashin da aka faɗa yana kan hanya. Homa mai fetur, cike da mutane, takan sha kimanin lita 13 zuwa 15 a kilomita 100. Zuwa Kaduna da dawowa, da ɗan yawon cikin gari, kilomita 500 ne, wato wajen lita 70. A ninka da farashin lita na ranar, abin da ya hau kai shi ne kuɗin mota da na direba da na ƙungiya. Wanda ya faɗi farashin da bai ko kai kuɗin mai ba, akwai abin da yake shirin yi: ko ya ɗebi fasinja da kaya a hanya, ko ya tsaya a tsakiyar tafiya ya nemi ƙari.

Yarjejeniya a rubuta ta, ko a takardar littafin makaranta ce, da sa hannun shugaban layi da shaidu biyu. A sa lambar motar da sunan direban, domin an saba nuna wata mota a kawo wata. A faɗi ko kuɗin da mai ne ko ba mai. A faɗi wurin ɗauka da lokaci, da ƙarfe nawa za a juyo, da abin da za a ƙara idan aka riƙe direba fiye da haka. A ambaci zirga-zirgar cikin gari sau nawa ce. Idan da kwana, a faɗi wa ke ciyar da direba da inda zai kwanta. Wannan ba kyautatawa kawai ba ce: direban da ya kwana a kujerar mota sauro yana cizonsa shi ne zai riƙe sitiyari da rayukan mutum 28 washegari. A rubuta cewa ba ɗaukar fasinja ko kaya a hanya, kuma idan mota ta lalace ƙungiya ko kamfani ne zai turo wata. Kafin alƙalami kada ya wuce rabi, cikon sai an sauke mutane a gida.

Wata tambaya guda da ba a cika yi ba: ina direban zai kasance a daren da za a wayi gari a tafi? Idan daga Legas ko Fatakwal zai kwana yana tuƙi ya iso da asuba ya ɗauke ku, a canza shi. Tafiyar da ta wuce awa takwas a yini kuma direba biyu take so.

Duba mota kwana ɗaya kafin tafiya

Ba da asubar tafiya ake duba mota ba, lokacin babu sauran zaɓi. A je da bakanike ana gobe. Taya ce farko. A gefen kowace taya akwai lamba huɗu da ke nuna makon da shekarar da aka ƙera ta: 2322 na nufin mako na 23 a 2022. Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, FRSC, tana ɗaukar tayar da ta wuce shekara huɗu a matsayin wadda ta gama aiki, ko da zanenta bai cinye ba. A duba kumburi da tsagewa a gefe, a gwada iska da safe kafin taya ta yi zafi. Tsohuwar taya, da lodi fiye da kima, da kwaltar watan Afrilu, su ne ke haɗuwa su fasa taya ana cikin gudu. Safaya ma a sauke ta a gani, da jak da abin kwance taya.

Sai birki, da ruwan lagireto, da fambel, da baƙin mai, da fitilu gaba da baya, da waifa idan damina ce. A buɗe kowace ƙofa daga ciki a ga tana buɗuwa. A ga abin kashe gobara da alamar tsayawa mai kusurwa uku. A ga lasin direba da takardun mota da inshora, a tabbatar ba su ƙare ba, domin takarda ɗaya da ta mutu tana iya zaunar da ayari awa guda a shinge. Tun 2017 ake tilasta wa motocin haya sanya na'urar ƙayyade gudu, saboda haka a tambaya ko tana nan kuma tana aiki.

Ayari a kan hanya

Kowace mota a ba ta lamba, a manna a gilashi, a naɗa mata shugaba mai riƙe da jerin sunayen mutanenta, wanda zai zauna kusa da direba ya hana shi waya da gudu, ya kuma lura idan ya fara gyangyaɗi. Wanda ya tafi a mota ta biyu a ta biyu zai dawo. Waliyyi ko wakili da sadaki da goro da alawa su kasance a motar da ta fi lafiya, kuma ta fara tashi.

A sauran ayarin, motar da ta fi nauyin tafiya ita ke gaba, da wanda ya san hanya a cikinta. Ta ƙarshe ta ɗauki bakanike da akwatin magani. Ba tsere, ba wuce juna. Mota mai gudun kilomita 90 a awa tana cin mita 25 a daƙiƙa ɗaya, don haka a bar tazarar aƙalla daƙiƙa uku, wajen mita 75. Yawancin karon da ake yi a cikin ayari daga mannewa ne, kowa na tsoron kada wata mota ta shiga tsakani. Ta shiga, ba komai, tunda an riga an san wurin haɗuwa na gaba. Samarin da ke wasa da mota a rakiyar amarya, masu fitowa ta taga da masu juya sitiyari, a gaya musu tun a gida cewa ba da su a ayarin ba.

Game da sanin hanya, taswirar waya tana taimako amma ba ta san inda ake zaman ɗar-ɗar ba, kuma sabis yana ɗaukewa a daji. Idan ba a taɓa zuwa garin ba, a roƙi masu karɓar baƙi su turo ɗan gari ya tari ayari a babban gari na ƙarshe, da rana, ya shiga motar gaba. Idan duk da haka aka ga magariba za ta yi ba a isa ba, a tsaya a babban gari a kwana. Lambar gaggawa ta FRSC ita ce 122, ta ƙasa baki ɗaya kuma 112.

Jirgin ƙasa, na sama, na ruwa, da tsallaka iyaka

Tsakanin Abuja da Kaduna akwai jirgin ƙasa tun 2016, daga Idu da Kubwa zuwa Rigasa. An dakatar da shi bayan harin 28 ga Maris 2022, ya dawo a Disambar shekarar, kuma tun daga lokacin ake neman lambar shaidar ɗan ƙasa wajen sayen tikiti. Yana hutar da tsofaffi, amma tashoshin suna bayan gari, sai an tanadi mota a kowane ɓangare, kuma a tabbatar da jadawalin makon.

Masu jirgin sama su tuna hazon hunturu yana sa a jinkirta ko a soke tashi a Kano da Sakkwato da Maiduguri. Wanda aure ba zai ɗauru sai da shi ba ya tafi ana gobe.

Inda sai an tsallaka ruwa, Hukumar Kula da Hanyoyin Ruwa ta Ƙasa, NIWA, ta hana tafiyar dare, ta kuma wajabta rigar ruwa ga kowane fasinja. A yi sawu biyu ko uku, mutane dabam babura da kaya dabam. Bikin da ke Maraɗi ko Damagaram ko Ƙonni kuma, a nemi direban da ya saba shiga ta Jibiya ko Kongwalam ko Illela, a tambayi halin da iyakar ke ciki da takardun da ake nema na mutum da na mota, domin abubuwa sun sauya tun juyin mulkin Yulin 2023 da ficewar Nijar daga ECOWAS a Janairun 2025.

Rabin awar ƙarshe kafin a juyo

Lokacin juyowa a sanar da shi tun a hanyar zuwa, a sake faɗa da an shafa fatiha. Direbobi a ba su abinci da wuri, kafin jama'a, su sami awa guda su miƙe a inuwa, su sha mai kafin mutane su shiga mota. Saura rabin awa mai kula da motoci ya fara kiran shugabannin motoci, mace mai kula da mata ta shiga cikin gida ta fito da nata, domin namiji ba zai iya shiga ya tayar da gwaggon amarya daga hira ba.

Wanda ya ce zai kwana ko zai bi wata mota, a soke sunansa a takarda a gaban shugaban motarsa. Kujerar da ya bari ba a cike ta da mutum biyu. Sannan a kira suna ɗaya bayan ɗaya, ba a tsaya a ƙofa a ce "kowa ya shigo?" ba, domin wanda aka bari a banɗaki ko a masallaci ba ya nan balle ya amsa. Yara a ƙirga su dabam. Mota ta ƙarshe ba ta tashi sai shugabannin sauran sun bugo sun ce adadinsu ya cika, kuma a ajiye kwafin jerin sunayen a hannun wani a gida, wanda za a riƙa sanar da shi duk babban garin da aka wuce har a sauke mutum na ƙarshe.